Neman asalin kakan mahaifiyata, manomi a karkarar Alabama

Ɗan Gwandu, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Mahaifina ya yi karatu a Amurka a shekarun 1970, a can ya auri mahaifiyata, baƙar fata 'yar jihar Alabama, ya taho da ita Birnin Kebbi, inda ta zauna har Allah ya yi mata rasuwa bara. Da muke kwashe kayanta mun tarar da wani tsohon hoto a ƙasan akwati: dattijo ne riƙe da linzamin alfadari a bakin gonar auduga, a baya kuma an rubuta sunansa da gundumarsu da shekarar 1938. Ta sha gaya mana cewa kakanta ne, kuma gonar ba tasa ba ce, noma-mu-raba yake yi. Dangin mahaifina ina iya jero su har kaka na biyar, amma na wajen uwa ban wuce wannan hoton ba. Ta ina ya kamata in fara?

Malamar Tarihi, Gusau:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama, ya ba ku haƙuri. Malam, sunan gundumar nan ya fi komai daraja a hannunka, domin a can takardun aure da na gado da na cinikin gona a kotun gunduma ake ajiye su. Amurka tana ƙidayar jama'a duk shekara goma tun 1790, ba a kuma buɗe sunayen mutane sai bayan shekara 72, shi ya sa ta 1950 sai a watan Afrilun 2022 ta fito. Ka fara da ta 1940, wadda ta fi kusa da hoton, sannan ka riƙa ja da baya zuwa 1900. Shafin intanet na binciken asalin dangi mai suna FamilySearch yana nuna su kyauta. Kada ka wahalar da kanka kan ta 1890, gobarar 1921 ta cinye mafi yawanta. Ka kuma nemi katin rajistar soja na 1917 zuwa 1918, wanda yakan nuna ranar haihuwa da wanda mutum yake wa aiki. Kada rubutun suna ya ruɗe ka, domin ma'aikacin ƙidaya yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, shekarun haihuwa ma sukan saɓa daga wannan ƙidaya zuwa waccan.

Baban Yara, Zuru:
Abin da Malama ta faɗa daidai ne, sai dai ka shirya wa katangar da ke 1870. Ita ce ƙidayar farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. A ta 1850 da ta 1860, sunan ubangida kaɗai ake sawa, bawa kuwa sai shekarunsa da jinsinsa da launin fatarsa. Idan ka kai nan, sai ka duba fararen fata masu gonaki da ke maƙwabtaka da su, ka bi takardun rabon gadonsu, inda akan lissafa bayi da suna tare da sauran dukiya. Karanta irin wannan takarda sai da taurin zuciya. Akwai kuma bayanan hukumar kula da 'yantattun bayi da aka kafa a 1865.

Inna, Argungu:
Ɗana, kafin takarda ka nemi masu rai. Baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 ne suka bar kudancin Amurka zuwa birane irin su Shikago da Ditiroyit kafin 1970, saboda haka ba lallai danginku suna ƙauyen ba. Tsohuwa ɗaya mai tunawa za ta gaya maka inda aka binne kakan mahaifiyarka da cocin da yake zuwa.

Ɗan Gwandu, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai. Inna, maganarki ta sa na sake buɗe akwatin, na kuwa sami wasiƙar ƙanwar mahaifiyata mai hatimin Ditiroyit, da adireshi a jikin ambulan. Yau da dare zan rubuta mata.