Agogon Landan ya koma baya, na rasa kiran mai sayen kayana: wa ya taɓa cin karo da wannan?

Mai Riɗi, Dawanau

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin da ya same ni ne nake son in faɗa, ko wani zai tsira. Tun watan Yuni nake da tsayayyen kira da wani mai sayen riɗi a Landan, kowace Litinin ƙarfe 10 na safe, ta Zoom. Wata huɗu da ɗoriya muna yi, in na ce 10 shi ma 10 ce a wurinsa, har na ɗauka agogonmu ɗaya ne da su.

Ranar Litinin 27 ga Oktoba 2025 na tayar da janareta tun 10 saura kwata, na buɗe kwamfuta, na ajiye takardar awon kaya a gefe, don ranar ce za mu yanke farashin kwantena biyu. Ƙarfe 10 shiru, da rabi shiru. Ga mota a ƙofar sito, 'yan dako na jira, direba na ta kirana. Ƙarfe 11 saura ashirin na rufe na tafi wurin lodi, raina a ɓace, ina cewa mutumin nan ya samu wani mai araha ya guje ni. Sai bayan Azahar na ga imel ɗinsa: ya shiga ƙarfe 10 daidai, ya jira minti 15, bai gan ni ba. Ashe a daren Asabar wayewar Lahadi sun mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, ƙarfe 10 ɗinsa ta zama 11 a Kano. Ya ɗage maganar zuwa Alhamis, kwana uku ban san a kan wane farashi zan ƙara sayen kaya ba.

Masu harka da Turai, yaya kuke yi da wannan abu?

Ɗan Maraɗi

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kai ka ma yi sa'a, na Oktoba ne ya same ka, ka riga mutum zuwa. Na Maris shi ne mai ciwo, don kai ne za ka makara.

Ni da mutanen Faris nake aiki, kuma tamu ta sha bamban da taku. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Faris ɗaya yake da na Yamai da na Kano. Lahadin ƙarshe na Maris sai su tura shi gaba, su wuce mu da awa ɗaya. Wata shekara ina kan babur zan tafi biro da nufin in isa kafin 10, sai ga saƙo wai tun 9 suke zaune su huɗu suna jirana. A bakin titi na tsaya ƙarƙashin bedi na yi taron da waya, manyan motoci na wucewa, ana ta ce mini in maimaita.

Abin da na riƙe tun ranar: namu agogon ba ya motsi, a Nijar ko a Najeriya, nasu ne ke yawo. Ko Landan ko Faris, in Maris ya ƙare kiranka zai matso da wuri da awa ɗaya, in Oktoba ya ƙare ya ja baya.

Mai Gidan Kallo, Zariya

Alhaji ai da ka tambayi yaran gidan kallon ƙwallo, sun fi kowa sanin wannan. Wasan Firimiya na ƙarfe 3 na ranar Asabar, a watan Agusta da Satumba ƙarfe 3 muke kunna shi. Daga Nuwamba sai ya koma ƙarfe 4, yana cin karo da La'asar. Wasan Zakarun Turai na dare kuma 8 ne a Satumba, 9 a Disamba. Ranar da ka ga an canza lokaci a allon ƙofar gidan kallo, to ka duba kiranka.

Hajiya Mai Man Kaɗe, Kumasi

Sannunku 'yan'uwa na Najeriya da Nijar. Mu a Ghana agogonmu shi ne GMT ɗin kansa, shekara duka, amma hakan bai hana ni faɗawa ba. Ga inda tarkon yake: Baturen Ingila da yawa in zai rubuta lokaci sai ya sa GMT a gaba, ko a watan Yuli ne, alhali a lokacin ba a kan GMT suke ba, sun ƙara awa ɗaya, sunan agogon nasu na bazara BST. Wata mata da ke sayen man kaɗe a wurin ƙungiyarmu ta rubuto mini "10 GMT" a tsakiyar damina. Na ce alhamdu lillahi, agogona ne. Na tara mata biyar daga cikin masu haɗa man, mun jera samfur a kan tebur, kowace roba da takardarta, muka shiga ƙarfe 10. Ita kuwa tun 9 namu ta shiga ta fita. Matan nan biyu daga cikinsu daga nesa suka zo, kuɗin mota na kaina. Wannan ya fi ɓata mini rai a kan rasa kiran.

Yanzu duk wanda ya rubuto mini GMT tsakanin Afrilu da Oktoba sai na mayar masa da tambaya: GMT na gaske kake nufi, ko agogon da ke bangon ofishinka a Landan? Ban taɓa samun wanda ya ji haushin tambayar ba. Wasu ma godiya suke yi.

Mai Fata, Challawa

Hajiya kin taɓo wuri. Bari in ƙara da na Madrid, don fatunmu na awaki da tumaki Sifen da Italiya suka fi zuwa. Agogon Madrid irin na Faris ne da Rum da Balin, duk da cewa in ka duba taswira garin yana yamma da Landan. Tun 1940, zamanin Janar Franco, aka ɗora su a kan agogon tsakiyar Turai, ba su sauka ba har yau. Shi ya sa ranarsu take a makare: abincin rana sai ƙarfe 2, ba a dawowa sai wajen 4.

To kun ga sanin bambancin awa kaɗai bai isa ba. Na fi shekara ina kiran wani kamfani ƙarfe 2 da rabi, bayan na yi Azahar na ci abinci hankalina ya kwanta, wayar na ta ringin ba mai ɗauka, ina zargin raini ne. Sai da na je da kaina na ga ofishin wayam a wannan lokacin. A bazara kuma ƙarfe 2 ɗinsu ita ce 1 a Kano. Ranar Juma'a ofisoshi da yawa suna tashi wajen ƙarfe 3 nasu, wato 2 namu, lokacin muna masallaci ko muna hanyar dawowa. Ni dai na cire yammacin Juma'a daga lissafi gaba ɗaya. Maganar kuɗi daga Talata zuwa Alhamis nake yin ta, tsakanin 9 da rabi na safe zuwa 12. Watan Agusta kuwa, in akwai takardar da kake so a sa wa hannu, ka kammala ta tun Yuli.

'Yar Kaduna mai aiki daga gida

Ina yi wa wani ƙaramin kamfani na Landan aikin amsa saƙonnin abokan ciniki, daga ɗakina. A takardar aiki 9 zuwa 5 ne, amma agogonsu. Daga Afrilu zuwa Oktoba 9 zuwa 5 ɗin nake yi. Daga Nuwamba sai ya zama 10 zuwa 6. Da safe na ji daɗi, ina kai yara makaranta a natse in dawo in share gida. Yamma ce matsalar, musamman da azumi ya faɗo cikin watannin nan. A azumin 2025 ina rufe kwamfuta ƙarfe 6, saura minti arba'in ko ƙasa da haka a sha ruwa. Sai na koma dama kunu da yanka kayan miya a hutun rana, ƙanwata ta soya ƙosai, ni ina ɗaki da abin ji a kunne ina jin ƙamshin mai. Na gaya wa shugabar sashenmu, ta yarda in fara da wuri da awa ɗaya a watan. Da na yi shiru ba za ta taɓa sani ba, don ita a wurinta ƙarfe 5 ce kamar kullum.

Sallah ta faɗo ranar Lahadi 30 ga Maris, ranar da suka tura agogo gaba. Da na dawo daga hutun Sallah aiki ya koma 9.

Yaya Mai Riɗi, shawarata ita ce ka daina tsayar da lokaci ta WhatsApp kawai. Ka ce ya turo maka gayyata ta kalanda. In shi ya ƙirƙire ta a kan agogon Landan, wayarka da kanta za ta nuna maka 11 ranar da suka canza. Amma in kai ka rubuta da hannunka a naka kalandar "Litinin 10", haka za ta zauna har abada, don a kan agogon Legas ka rubuta.

Mai Gyaran Waya, Farm Centre

Sai dai a duba saitin wayar tukuna. Duk ƙarshen Oktoba muna samun masu zuwa da wayoyin nan da ake kira Landan yus, suna cewa agogon ya lalace, ya koma baya da awa ɗaya cikin dare. Ba lalacewa ya yi ba, yankin lokacinsa ne har yanzu yake kan Landan. Wata bakwai yana daidai da namu shi ya sa ba a lura. A shiga saiti a zaɓi Legas, ko a bar shi ya ɗauka daga layin waya. Akwai dattijon da ya ce mini ƙararrawar Asuba ce ta tashe shi gari ya waye. Sannan a manhajar agogo ana iya ƙara gari na biyu, ka sa Landan ƙarƙashin Kano, kana buɗewa ka ga duka biyun.

Ɗan Kano a Landan

Ni ina ɗaya ɓangaren, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ku yi wa mutanen nan uzuri ta fuska ɗaya: yawancinsu ba su san akwai ƙasashen da ba sa canza agogo ba. Ƙarfe 1 na dare ne ake tsallakawa zuwa 2 a Maris, a Oktoba kuma 2 ta koma 1, kullum daren Asabar wayewar Lahadi, waya da kwamfuta su gyara kansu. Mutum ya tashi da safe, in ban da agogon bango da na mota ba abin da zai tuna masa. Mai sayen riɗinka Alhaji, na tabbata ko a ransa bai kawo cewa 10 ɗinsa ta rabu da taka ba.

Abin da ya fi rikita ni shi ne kira mai kusurwa uku, Kano da Landan da New York. Amurka ba rana ɗaya suke canzawa da Turai ba. Su Lahadi na biyu na Maris suke turawa, su dawo Lahadin farko na Nuwamba. A 2025 sun tura ranar 9 ga Maris, mu sai 30. Mako uku cur tazarar Landan da New York ta koma awa huɗu maimakon biyar. Muna da taron da aka kafa a kan ƙarfe 10 na safiyar New York, wanda a nan 3 ne, a Kano 4. Cikin makonnin nan ya zama 2 a nan, 3 a Kano, ɗan'uwanmu na Kano ya rasa na farko, ni na shiga ana rabi. Duk wanda ke da irin wannan taro ya tambaya tun farko a kan agogon wane gari aka kafa shi, don shi ne ba ya motsi a takarda, sauran su bi.

A Disamba nan rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin lokacin aiki. In kuna da Musulmi a wannan ɓangaren, kiran safe ya fi masa sauƙi. Ku kuma lura da hutun banki: Litinin ta farko da ta ƙarshe a Mayu, da Litinin ta ƙarshe a Agusta, ba kowa a ofis.

Baba Tsohon Malami, Katsina

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Mu da muka girma da rediyo mun saba jin mai gabatarwa a BBC Hausa yana faɗin lokaci kashi biyu, agogon GMT sannan agogon Najeriya da Nijar. Bai taɓa cewa agogon Landan ba, duk da daga can ake magana, kuma shi ya sa shirin safe bai taɓa kuɓuce wa kowa ba. Ku yi koyi da wannan a wasiƙunku, ku rubuta lokaci biyu da sunan gari biyu.

Ingila ta fara wannan canji ne a 1916, cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, 'yan makonni bayan Jamus, don a ci moriyar hasken rana a rage ƙona kwal. Lokacin da na je karatu can a 1970 ma ba a canzawa, gwaji suke yi tun 1968 na zama a kan awa ɗaya gaba da GMT shekara duka, wato daidai da agogonmu. Ina tuna fita da safe a watan Janairu ƙarfe 8 da rabi cikin duhu, yara 'yan makaranta sanye da ɗamara mai ƙyalli a hannu don masu mota su gan su. Mutanen arewacin ƙasar suka koka, a 1971 aka koma tsohon tsari. Majalisar Tarayyar Turai ma ta kaɗa ƙuri'a a 2019 a daina canjin, amma ƙasashen ba su daidaita ba, ana nan ana yi.

Mai Riɗi, Dawanau

Na gode Baba, na gode 'yan'uwa duka, Allah ya saka da alheri. Ranar Alhamis ɗin mun yi magana, na yi masa bayani, ya ce wallahi bai san Najeriya ba ta canza agogo ba, ya ba ni haƙuri ni ma na ba shi. Mun yanke farashi, kaya sun tashi zuwa Legas. Na bi shawarar ƙanwata ta Kaduna, yanzu shi ke turo gayyatar, ni kuma a ƙarƙashin kowane imel ina rubuta "10 agogon Landan, 11 agogon Kano". Yaron ofis ya rubuta 29 ga Maris 2026 da alli a jikin ƙofar sito, kusa da inda muke lissafin buhu.

Malam Mai Fata, akwai wani a Rum da ya nemi samfurin zoɓo. Su ma sai ƙarfe 4 suke dawowa daga abinci, ko in kira da 3?