Kyamarar magaza tana daskarewa, ko waya zan ja?

Salamu alaikum. Muna da ɗan biro a Sabon Gari, nan Damagaram, da magaza a baya. Kyamara 4 marasa waya na sa. Ukun gaba lafiya lau, ta magazar ce ta ishe ni: hoto ya daskare, agogonta ya tsaya cik, sai na zare fulogi na mayar. Bangon siminti biyu da ƙofar ƙarfe ne tsakaninta da na'urar wifi. Na matso da na'urar, na sayi abin ƙara sigina, duk a banza.

Mai gyara ya ce in canza duka zuwa masu waya, wai igiya ɗaya tana kai wuta da hoto har mita 100. Gidan haya ne kuwa, mai gida ba ya son huda bango.

Don Allah, za a iya ja wa ta magazar kaɗai waya, duka huɗun su riƙa naɗa a akwati ɗaya?