Neman shawara: in sayar da mota in koma keke, ko in ci gaba da riƙe ta?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai maganar da ta hana ni sukuni, ina roƙon waɗanda suka san abin su taimaka mini da shawara. Motata tsohuwa ce, na saye ta a hannun wani abokin aikina lokacin da aka yi masa canjin wurin aiki, kuma a lokacin gidana yana da nisa sosai da ofis, don haka babu wanda ya ga laifin sayen. Daga baya muka tashi muka dawo kusa, yanzu tsakanina da wurin aiki bai wuce kilomita 6 ba. Tun da muka dawo motar ba ta ƙara zama lafiya ba. Batir ya mutu na canza, sabon ma ya fara sanyi da safe, salansa ta huje, bakanike kuma ya ce baƙin mai yana lalacewa da wuri. Yawancin lokacin da nake cikinta a tsaye nake cikin cunkoso, ina kallon masu keke suna wucewa ta gefena. Ga shi likita ya ce jinina ya fara hawa, lallai in riƙa motsa jiki, ni kuwa ba ni da lokacin da zan ware domin haka. Akwai mai son motar, ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Shin keke zai iya ɗaukar zirga-zirgar magidanci ta yau da kullum, ko kuwa nadama zan yi?

Mai Keken Aiki:
Wa alaikumus salam. Malam, ka sayar da ita, kada ka yi wata-wata. Abin da ka lissafa duk ciwo ɗaya ne, wato gajeriyar tafiya. Inji ba ya kai zafin da ya kamata a kilomita 6, saboda haka yana shan mai fiye da kima, danshi yana taruwa a baƙin mai da cikin salansa ba tare da ya ƙone ba, batir kuma ba ya mayar da cajin da ya kashe wajen tayarwa. Ko sabuwar mota ka saya, haka za ta riƙa wahala a hankali. Keke kuwa, mutum mai matsakaicin ƙarfi yana yin kilomita 15 a awa ba tare da haki ba, ka ga tafiyarka minti 24 ce ke nan, kuma minti 24 ɗin ba ya canzawa da cunkoso ko neman wurin ajiye mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Zuwa da dawowarka a kwana biyar na aiki sun kai minti 240, maganar likita ta kau ke nan. A ƙasar Holan kekuna sun fi mutane yawa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyensu a kan keke suke yi, har da manyan ma'aikata.

Maman Tagwaye:
Malam, ka ce kai magidanci ne, amma ka cika mu da labarin batir ba ka ambaci iyali ba. Yara nawa ne, wa yake kai su makaranta, kuma idan ciwo ya tashi cikin dare da me za a fita? Ina tambaya ne domin na ɗanɗana. Maigidana ya sayar da tamu ba tare da ya shawarce ni ba, ya yi lissafinsa a kan hanyarsa ta zuwa aiki kawai, sai ya zama ni ce nake ɗaukar cefane da yara biyu a kafaɗa, kuma har yau idan na tayar da maganar sai ya ce an samu sauƙin kashe kuɗi. Sauƙin a wurinsa yake.

Mai neman shawara:
Hajiya, na gode. Yara biyu ne, kuma makarantarsu tana kan hanyata, ni nake sauke su. Ban yi wa uwargida maganar ba tukuna, ba don raini ba, sai don ina so in je mata da abin da na tantance. Ita ma ba ta tuƙi, saboda haka ba za a ce na raba ta da wani abu ba.

Tsohon Direban Tirela:
Ɗan'uwa, ni tambayata ɗaya ce: wace irin hanya ce wannan kilomita 6 ɗin? Na shafe rayuwata a kan babbar mota, kuma ina shaida maka cewa akwai wuri a gefen mota da gabanta inda mai keke yake ɓacewa gaba ɗaya daga madubi, musamman lokacin shan kwana. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Shi kuma mai kawo misalin Holan bai faɗi cewa a 1971 sama da mutum 3,000 suka mutu a hanyoyinsu ba, ciki har da yara fiye da 400, kuma sai da iyaye suka yi zanga-zanga, ga matsalar man fetur ta 1973, sannan aka dage da gina wa keke hanyarsa daban. Abin da yake ƙona mini rai shi ne masu keke da suke fitowa da dare babu fitila, cikin baƙaƙen kaya, idan tsautsayi ya faɗa kuma direba ake kamawa.

Mai Keken Aiki:
Baba, ina girmama shekarunka a kan hanya, amma tsoro ba shawara ba ne. Mai keke ba dole ne ya bi hanyar da yake bi da mota ba. Yana iya ratsa ƙananan layuka ko da tafiyar ta ƙaru kaɗan. Ya sa fitila fara a gaba da ja a baya, ya sa hular kwano, ya bar tazarar mita ɗaya tsakaninsa da motocin da aka ajiye saboda buɗe ƙofa, kada kuma ya taɓa shiga gefen babbar mota a mahaɗa. Maganar yara kuwa, akwai kujerar da ake ɗaurawa a bayan keke mai ɗaukar yaro har kilo 22, akwai kuma kekunan ɗaukar kaya. Cefane jaka biyu a gefen kariya sun ishe shi. Fitar dare sau nawa take faruwa a shekara da za a riƙe mota dominta?

Maman Tagwaye:
Sau ɗaya ma ya isa, idan a kanka ya faɗa.

Wani Bakanike:
Ni ban goyi bayan ko ɗaya ba. Ka sayi keken, ka riƙe motar, ka gwada wata uku har ka ga ranar ruwa da ranar zafi. Sai dai kada ka jingine ta gaba ɗaya, domin motar da ba a tayarwa batirinta yana zubewa, birki yana tsatsa. Ka riƙa fita da ita sau ɗaya a mako ka yi tafiyar rabin awa. Masu mota suna ba ni mamaki, a gaya musu irin tuƙinsu ne yake kashe inji, su koma suna cewa bakanike ne bai iya aiki ba.

Mai Keken Aiki:
Riƙe biyun shi ne mafi muni. Inshora da sabunta takardu ba sa tsayawa don mota tana ajiye, darajarta kuma tana raguwa kullum. Muddin makulli yana aljihunsa, duk safiyar da ya ji kasala motar zai shiga.

Ma'aikaciyar Banki:
Babu wanda ya yi maganar gumi. Akwai wurin wanka ko canza kaya a ofishinku? Akwai inda za ka ɗaure keken? Nawa an sace shi a ƙofar wurin aiki da rana tsaka, masu gadi suka ce ba aikinsu ba ne, kuma ban sake saye ba. Idan ka nace, ka duba keke mai batir, yana rage gumi sosai, amma ya fi jan hankalin ɓarayi.

Mai neman shawara:
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Amma ina ganin wasu ba su fahimce ni ba. Ni ba yaro ba ne, na hau keke shekaru da yawa kafin in mallaki mota, kuma ba zan jefa 'ya'yana cikin haɗari ba. Shawarar riƙe biyun ba za ta yiwu ba, domin da kuɗin motar nake so in sayi keken in kuma biya wani bashi. Babban yaron ya wuce kilo 22, wannan kam ban san yadda zan yi da shi ba. Mai sayen ya sake kirana ɗazu, na roƙe shi ya ƙara mini mako ɗaya.

Tsohon Direban Tirela:
Har yanzu ba ka gaya mana wace irin hanya ce ba. Manyan motoci suna bin ta ko ba sa bi?