Tun da na kalli rawar bale nake mafarkin ina takawa a kan yatsun ƙafa

Bilkin_Katsina ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a birnin Sen Fitasbag na ƙasar Rasha, wata uku ke nan da zuwana, kuma har yanzu ina shekarar koyon harshe. A farkon Disamba malamarmu ta kai mu gidan wasa na Mariinsky muka kalli rawar da ake kira bale, a wani wasa mai suna La Bayadère. Akwai wurin da aka rage fitilu, sai ga mata 32 sanye da fararen kaya suna saukowa ɗaya bayan ɗaya daga wani gangare, kowacce ta yi taku, ta ɗaga ƙafa guda ta baya, ta miƙa hannu gaba, ta sake maimaitawa, har suka cika dandamalin.

Tun daga wannan dare kusan kullum sai na yi mafarkin ina cikinsu. Gangaren ba ya ƙarewa, kuma idan na dubi fuskokin matan sai in ga 'yan matan unguwarmu ne waɗanda muka yi gaɗa tare, wata rana har da kakata da ta rasu shekara shida da suka wuce. Kiɗan Turawan yakan rikiɗe ya koma kalangu, katakon dandamalin ya koma rairayin tsakar gidanmu, ni kuwa ina tsaye cak a kan babban yatsana ba tare da na ji nauyin jikina ba. Sau biyu na yi tsalle na ƙi saukowa. Ina farkawa da bugun zuciya, wani lokaci da hawaye, ba kuma na tsoro ba.

Da na gaya wa mahaifiyata a waya hankalinta ya tashi, gwaggona kuma ta fara zancen iskoki. Ina roƙon masu sani su bayyana mini abin da ke kawo mafarki mai ƙarfi haka ga wadda ba ta taɓa koyon wannan rawa ba, kuma ko akwai abin tsoro a ciki.

Likita_Zazzau ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin komai ina so in san lokacin da kike yin mafarkin, domin ina kyautata zaton da asuba ne ko bayan kin koma barci. Barci yana zagayawa ne mataki-mataki, kowane zagaye kimanin minti 90, kuma a cikinsa akwai matakin da idanu ke ta motsi a ƙarƙashin fatarsu, wanda masu bincike Aserinsky da Kleitman suka gano a Jami'ar Chicago a 1953. A wannan mataki ake yin mafarkai mafi haske, kuma yana ƙara tsawo ne yayin da gari ke dab da wayewa. Ke kuwa kina garin da a Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 10, ta faɗi kafin ƙarfe 4, saboda haka da wuya a ce ba ki ƙara barcin safe ba. Wanda ya farka daga tsakiyar wannan mataki yakan tashi da mafarkinsa ɗanye a ka.

Batun rashin jin nauyi ma yana da dalili. A wannan mataki ƙwaƙwalwa tana ba da umarnin motsi, amma tana kulle tsokokin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Umarnin tsalle ya fita, ƙafa ba ta aiko da labarin ta taɓa ƙasa ba, sai mai barci ya ji yana shawagi. Wannan kullewar ce idan ta ɗan makara bayan farkawa mutanenmu suke kira dannau.

Me ya sa rawar ce ta liƙe? Motsin da aka maimaita sau da yawa yana bin mutum har kan matashin kai. A 2000 Robert Stickgold na Jami'ar Harvard ya sa mutane buga Tetris, wasan kwamfuta na jera tubalan da ke faɗowa, na sa'o'i, da yawansu suka riƙa ganin tubalan suna faɗowa lokacin da barci ke ɗaukarsu, har da masu ciwon mantuwa waɗanda ba sa tuna sun buga wasan. Ke kin zauna cikin duhu, hankalinki duka a wuri ɗaya, kina kallon taku ɗaya ana maimaita shi na mintuna da dama.

Abu biyu kawai zan so ki lura da su. Idan kin fara shan wani sabon magani ki duba, domin wasu magunguna, kamar mefloquine na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da efavirenz na cutar ƙanjamau, an san su da kawo mafarkai masu tsanani. Sannan ki tambayi abokiyar ɗakinki ko kina shure-shure ko duka a cikin barci. Idan haka ne, ko kuma kina tashi a gajiye kullum, ki ga likita. Idan jikinki yana kwance lafiya lau, ban ga ciwo a nan ba.

Malam_Na_Zaure ya amsa:

'Yata, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Ya inganta a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira cewa mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, da baƙantawa daga Shaiɗan, da kuma abin da mutum yake zantawa da zuciyarsa. Abin da kika kwatanta, a fahimtata, ya fi kama da na uku, wato zancen zuci, tun da ke da kanki kin san inda kowane guntu ya fito: gangaren daga gidan wasa, rairayin daga gidanku. Irin wannan ba ya buƙatar fassara, kuma ina ba ki shawarar kada ki je neman ma'anar rawa a littattafan fassarar mafarki da ake sayarwa a bakin masallatai. Wanda ake jinginawa ga Ibn Sirin, wanda ya rasu a 110 bayan Hijira, malamai da yawa sun nuna ba rubutunsa ba ne.

Gwaggonki ƙauna ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa, amma bai kamata a ɗora wa yarinyar da ke ita kaɗai a baƙuwar ƙasa tsoron iskoki ba bisa mafarkin da ba ya tsorata ta. Ki riƙe alwala da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin kwanciya. Ranar da kika ga abin ƙi, ki yi tofi ta hagu sau uku, ki nemi tsari, ki juya kwanciya, kada kuma ki ba da labarinsa. Ganin kakarki kuwa, ki mayar da shi dalilin yi mata addu'a da sadaka. Hukuncin zuwa kallon irin wannan wasa magana ce daban da ba ki tambaya ba, amma abin da mutum ya gani a barci ba a rubuta masa laifinsa.

Tsohon_Ɗan_Koroso ya amsa:

Gafarta Malam, gaisuwa ga Likita. Ni ban yi zurfin karatu ba, amma na yi shekara 14 ina rawar koroso a Kano kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma akwai inda nake ganin ba a taɓo ba. Malama Bilki ta ce ba ta taɓa koyon rawar ba, ni kuwa na ce ta koya, tun da ta yi gaɗa. Wadda ta taɓa faɗawa baya 'yan'uwanta suka cafe ta suka cilla sama, jikinta ya san yadda ake sakin nauyi, kuma irin wannan sani ba ya goguwa. Ni yau shekara 9 rabona da ɗaura akayau a ƙafa, amma har gobe ina mafarkin ina alkafura, in ji ƙarar akayau ɗin sarai, in farka gwiwar tana nan da ciwonta. A mafarki ban taɓa kuskuren taku ba, kuma ranar da na yi shi nakan wuni da kewar abokan da muka yi yawon wasa tare.

Saboda haka ni a ganina ba bale kike mafarki ba, ƙanwata, gida kike mafarki, bale ɗin aron riga kawai ta ba shi. Kin ga 'yan mata a jere suna abu ɗaya cikin dare, zuciyarki ta tuna dandali da farin wata.

Bilkin_Katsina ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Likita, ka canka daidai: bayan sallar Asuba nake komawa barci saboda duhun, kuma a nan ne mafarkin yake zuwa. Ba na shan kowane magani, abokiyar ɗakina kuma ta ce ko motsi ba na yi. Malam, na karanta wa mahaifiyata amsarka a waya, ta ce za ta kai sadakar ƙosai ranar Juma'a da sunan kakata.

Baba ɗan koroso, maganarka ce ta sa ni kuka, domin kakar tawa ita ce take zama a bakin zaure tana jiranmu mu dawo daga gaɗa. Na koma na tambayi malamarmu labarin wasan, sai ta ce Marius Petipa ne ya tsara shi, aka fara nuna shi a wannan gari a 1877, kuma wurin da matan ke saukowa shi kansa mafarki ne: jarumin ya yi rashin wadda yake so, baƙin ciki ya sa ya sha abin gusar da hankali, sai ya gan ta a cikin inuwoyin matattu. Ban san haka ba lokacin da nake kallo, domin Rashancina bai kai in karanta takardar da aka raba mana ba. Jiya ma na sake yin mafarkin, amma wannan karon na kai ƙarshen gangaren, na tarar da ƙofar zaurenmu a buɗe da fitilar ƙwai a ajiye a bakinta.