Mu sayar da gonar Baba saboda wannan gwajin?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Kumo nake, ku taimaka min da shawara. Wata biyar ke nan muryar Baba ta dishe, muna ta ba shi zuma da citta, ashe ƙari ne a maƙogwaro. An ɗebi tsoka a Gombe, aka ce ciwon daji ne, an rubuta masa gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, na mako bakwai. Yanzu ko kunu sai an tsinka yake iya haɗiya. Ƙanena ya gani a intanet wai gwajin HIF-1 da CA9 yana nuna ko gashin zai ci, ya dage a sayar da gonar wake a tura tsokar ƙasar waje. Mama kuka kawai take yi.

Wani likita: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Baba lafiya. Maganar ƙaninki tana da tushe. Ƙari yakan girma ya fi ƙarfin jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi, sai cikinsa ya rasa oksijin. Hasken gashi kuwa da oksijin yake ɓarna; ƙwayar da ta rasa shi sai an ninka mata hasken kusan sau uku take mutuwa. HIF-1 da CA9 wasu sinadarai ne a ƙwayoyin ƙarin, suna yawaita ne in iska ta yanke wa ƙwayar, kuma ƙarin da ke da su da yawa ya fi taurin kai. Binciken HIF ne ma ya ci kyautar Nobel a 2019. Amma 'yar uwa, ko me gwajin ya nuna, gashin nan dai za a yi. Ku bar gonar, kuɗin mota da masauki na gaba.

Wani ɗan uwa: To a saya masa tukunyar oksijin mana?

Likitan: A'a Malam, hanyoyin jinin cikin ƙarin ne a birkice, tukunya a gida ba ta gyara su.

Wata ma'aikaciyar jinya: Yana shan taba? Hayaƙinta yana tare wa oksijin wuri a jini, ya rage wa gashi ƙarfi. Kuma don Allah kada a tsallake ranar gashi ko da maƙogwaron ya yi zafi, ku faɗa a ba shi magani. A riƙa ba shi kunun gyaɗa, madara, ƙwai, ko cokali-cokali ne.

Mai tambaya: Na gode Anti. Jiya ma na tsinci guntun sigari a bayan rumbu. Ni ba zan iya tunkararsa ba, amma yana jin maganar Kawu. Bayan Magariba zan je wurinsa.