Fakin ko Sil: Wanne Ya Dace da Sandar Farfela a Ruwan Legas?

Ɗan Obalende: Salamu alaikum jama'a. Maigidana yana so a cire fakin da ke jirginsa mai filafilai, wato igiyar da ake cusawa kewaye da sandar farfela inda ta ratsa jikin jirgi don tare ruwa, a sa sil, wato matoshi mai roba irin wanda ba ya ɗiga. Baba Makanike ya ce masa a ruwan Legas fakin ya fi aminci. Ni dai ban gamsu ba. Ta yaya abin da ke barin ruwa ya shigo zai fi mai hana shi?

Baba Makanike: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan kan bakana. Yaro, ɗigon nan da kake rainawa shi ke sanyaya sandar. Ɗigo 2 ko 3 a minti in inji na aiki, in an kashe kusan babu. Zobe 3 na igiyar ake sawa, kada mahaɗinsu ya hau layi ɗaya. In ta fara gajiya ɗigo zai ƙaru, ka ɗauko sifana ka ɗan ƙara ɗaure notin da ke matse igiyar. Tana sanar da kai tun da wuri. Robar sil kuwa ranar da ta tsage ruwa zai kwararo ne kawai, wataƙila kana tsakanin Tarkwa Bay da Apapa.

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma roba ba ta tsagewa haka siddan. Masu yin sil na PSS sun ce a canja robar duk shekara 6. Na Volvo Penta shekara 5, kuma a riƙa matsa masa giris. Wanda ya bar ta har shekara 10, sakacinsa ne. Kuma ɓarnar da na fi gani daga fakin take: yara su ɗaure noti har ɗigo ya tsaya cak, wurin ya ɗauki zafi, igiyar ta ci sandar ta yi mata rami. Daga nan sai sabuwar sanda.

Baba Makanike: To, canjin da ka ambata fa? Sai an fitar da jirgi tudu, an raba sandar da giyabos, an yi odar robar daga waje da dala. Igiyar fakin kuwa masu kayan famfo a Apapa suna da ita. Ga yashin da masu haƙa ke tayarwa a tafkin nan. In ya shiga tsakanin fuskar sil da ƙarfen da take gogawa, ɗigon da kuke gudu ya dawo.

Injiniya: Yashin nan bai bar fakin ba shi ma, Baba. Maƙalewa yake yi a igiyar yana goge sandar kamar sanfefa.

Baba Makanike: Wannan gaskiya ne. Shi ya sa ba na barin tsohuwar igiya ta daɗe.

Direban Kwalekwale: Ku gafarce ni manya. Akwai baƙar igiyar nan mai girafait, baƙin abin nan na cikin fensir, kusan ba ta ɗiga. Ba sai a raba gardama da ita ba?

Injiniya: A bi a hankali da ita. Girafait a ruwan gishiri yana iya sa ƙarfen da ke manne da shi ya zaizaye. Ni farar nan mai Teflon, wata irin roba mai santsi, na fi natsuwa da ita. Ɗan Obalende, sau nawa jirgin ke fita?

Ɗan Obalende: Wani lokaci sai ya yi wata ɗaure a Five Cowrie Creek, Yallabai. Amma kullum ina leƙawa.

Injiniya: In babu mai leƙawa da na dage kan sil, don ɗigo na tara ruwa, famfon kwashe ruwa ya yi ta aiki har batir ya mutu. Tunda kana nan, fakin ba zai ba ku matsala ba. Sai dai ban janye ba: sil da ake kula da shi ya fi tsabta, in an tuna fitar masa da iska duk lokacin da aka mayar da jirgi ruwa, don kada ya juya a bushe ya ƙone.

Baba Makanike: Kafin a sayi komai a duba sandar. In ta riga ta yi rami, sabuwar igiya ma ba za ta riƙe ba. Gobe bayan azahar ka jira ni a bakin jirgin, ka zo da tocila.