Me za mu kira "modulation" da Hausa?

Jama'a, masu gyaran rediyo da malaman kimiyya na Kano, ku matso. Ina neman sunan da za mu raɗa wa "modulation", wato M ɗin nan da ke cikin AM da FM.

Ga aikin tukuna. Muryar da ake aikawa ta tarho ba ta wuce kaɗawa 3,400 a daƙiƙa. Da za a watsa ta haka tsurarta, sai an kafa eriya mai tsawon kilomita fiye da 20, kuma duk tashoshi sai su cakuɗe wuri guda. Shi ya sa kowace tasha take da tata igiyar da ba a gani, mai tafiya a iska, mai saurin kaɗawa. Ta Freedom Radio, 99.5, tana kaɗawa sau miliyan 99 da rabi a daƙiƙa, eriyar da ba ta kai mita ɗaya ba ta isa ta kama ta. Sai a ɗora murya a kan wannan igiya ta kai ta gidaje. Wannan ɗorawar ce muke nema wa suna.

Na ga ana rubuta "daidaitawa". Ban yarda ba. Bahaushe in ya ji an daidaita rediyo, murɗa tasha zai fahimta. "Gaurayawa" ma ba ta yi ba, don abin da aka gauraya da wuya a raba, nan kuwa akwatin rediyo yana zare muryar tsaf.

Nawa zaɓin: igiyar tasha a kira ta igiyar dako. Kamar ɗan dako a Kantin Kwari take, kayan ba nata ba ne, kaiwa kawai. Aikin tasha "ɗora saƙo", aikin akwati "sauke saƙo". Na so in ce "ɗori" don ya fi gajarta, amma masu gyaran karaya sun riga mu.

Wani malami ya ƙalubalance ni cewa saƙon ba wani ƙunshi ba ne da ke zaune a kan igiya, ita igiyar ce ake sauya wa kama. Gaskiyarka, Malam. A AM ƙarfinta ake ɗagawa ana saukewa daidai da murya. A FM, wadda Edwin Armstrong ya yi wa rajista a Amurka a 1933, ƙarfin yana nan yadda yake, saurin kaɗawar ne ke ƙaruwa yana raguwa. Dalilin ke nan da damina, in aka yi walƙiya, za ka ji tashar AM ta matsakaicin zango ta yi ƙarararas, FM kuwa ko a jikinta: walƙiya ƙarfin igiya take taɓawa.

To, sai mu ce AM ɗora saƙo ta ƙarfi, FM ɗora saƙo ta sauri. Na ji wasu sun fi son "aza saƙo". Mutanen Sakkwato, wannan taku ce, ba za mu hana ku ba.